Winci ma ya samu takardarsa: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Raya Birane ta Jihar Kebbi

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida injiniyoyi da sauran ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni fomen gini ne a nan Birnin Kebbi. Da kwanon kankare a ka na fara wannan sana'a, ina ɗan saurayi, a shekarun da suka biyo bayan ƙirƙiro jihar nan a 1991, lokacin da ko'ina ka waiwaya a garin ofis ake ginawa ko gidajen ma'aikata. Na yi lebura, na riƙe cokalin birkila, yau kuma ni ake damƙa wa sait da mutanen da ke cikinsa. Karatuna bai yi nisa ba. Wannan wasiƙar ma ni ke faɗa, ɗiyata ke bugawa a waya, tana gyara mini inda harshe ya karkata. Amma abin da zan yi magana a kai, da hannuna na san shi.

A da, ranar zuba dakin, wato rufin kankare na bene, gangaren katako ake kafawa daga ƙasa zuwa sama, leburori talatin ko arba'in su jeru, kowa da gammo da kwano, ana hawa ana sauka tun hantsi har duhu. Wanda ya yi wannan aiki, wuyansa ba ya mantawa. Yanzu bene ya yi yawa, ya kuma yi tsawo. Bi ta Gesse, ka fita Gwadangaji, ka ɗauki hanyar Kalgo ko ta Jega: otal, filaza, makarantar kuɗi, gidajen haya hawa uku, hawa huɗu. Ba wanda zai kai kankare hawa na huɗu da kwano ya ci riba, shi ya sa aka koma winci, injin nan mai ganga da wayar ƙarfe da ke jan bokiti ko faranti zuwa sama. Ba ni da faɗa da winci. Ya hutar da wuyan 'ya'yan mutane, ya rage kwanakin aiki. Faɗana da yadda yake shigowa sait ne: ba suna, ba lamba, ba ko ƙyallen takarda.

Duk ginin da ya bi hanya yana da fayil. Akwai takardar fili, akwai zanen gini, akwai lissafin injiniya na rodi da ginshiƙai, akwai rasit, akwai takardar izini. Duka wannan na ginin ne. Injin da zai yini yana ɗaga nauyi a kan kawunan bayin Allah kuwa, a bayan a-kori-kura yake zuwa bayan magariba, a sauke shi, a kafa shi da fitilar waya, da safe a tada. Babur ɗin da yaron mai winci ya hawo yana da lamba da takardu. Wincin da ya zo tuƙawa ba shi da ko ɗaya.

Bari in ba ka labarin da ya sa na kasa yin shiru.

Wani bene ne mai hawa uku, muna zuba dakin na ƙarshe. An yi hayar miksa, tankar ruwa ta zo, an tara tsakuwa da yashi, an kira leburori kusan arba'in, har mai abinci an ba ta kuɗin cefane. Da asuba na zagaya wincin da aka kawo da dare. Akwai dabarar da wani tsohon makaniki ya koya mini: ka naɗe tsumma a hannu, ka bi wayar da shi a hankali. Waya mai lafiya, tsumma zai wuce sumul. Wadda silinta suka fara tsinkewa, za ta kama tsumman kamar ƙarangiya. Ta kama a wuri uku, duk kusa da baki. Na duba inda aka lanƙwaso wayar aka ɗaure ta da ƙugiya, na tarar da maƙalai, wato ƙarafunan da ke matse wayar, biyu kacal, alhali uku ne mafi ƙaranci, kuma an juya su baibai. Maƙalin nan yana da sirdi, yana da ƙarfe mai lanƙwasa. Sirdin kan zauna ne a kan doguwar wayar da ke ɗauke da nauyi, mai lanƙwasar ya danne guntun jelar. In aka juya, maƙalin da kansa ke murƙushe wayar da rai ya rataya a kanta.

Na kira yaron mai wincin na nuna masa. Ya yi dariya, ya ce, "Baba, wanga winci shekaranjiya munka yi dakin da shi a Jega, ko tari bai yi ba." Na buga wa ɗan kwangila waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Fomen, in an tsai da aikin ga, wa ka biyan miksa da leburori? Ku lallaɓa, Allah shi tsare." Na tsaya da waya a hannu, miksa ta riga ta fara juyi, mutum arba'in na kallona, kowa da abin da ya baro a gida. Na ce a rage cika bokiti, na yi shiru.

Da safe an rage. Da la'asar ta yi, kowa na son a gama kafin duhu, bokiti ya koma cika har yana zuba. Ina sama ina duba masu baza kankare sai na ji ƙara kamar an tsinka tsirkiya, sai kuma tim. Wayar ta zame daga maƙalan. A ƙasa akwai wani yaro daga wajen Bunza, ɗan cin rani, yana kwashe kankaren da ya zuba da shebur, daidai ƙarƙashin hanyar bokiti, domin ba mu killace wurin ba. Allah ya sa bokitin ya fara dukan katako kafin ya same shi a cinya. A kan falankin dakin muka ɗauke shi. An kai shi asibiti, daga baya danginsa suka wuce da shi Aliero wajen masu ɗori. Ya rayu, amma ƙafar ta gajarce, kwano kuwa ya bar shi har abada. An ba danginsa wani abu "na magani", aka rufe zance. Dakin ɗin a daren muka ƙarasa shi da kwano. Wincin kuma, aka yanke bakin wayar, aka sake ɗaurewa, bai yi mako ba na hango shi a wani sait yana aiki.

Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Na ga ɓarna da idona, na bari aka yi aiki, nauyin yana wuyana. Amma na daɗe ina juya abin da ya ɗaure mini baki a safiyar nan, kuma na gano shi. Ba ni da komai a hannu sai maganata, maganar fomen kuwa ba ta rinjayar ta mai biyan kuɗi. Da a ce akwai takarda ɗaya da hukuma ta ce ba a tada winci sai fomen ya sa mata hannu, da na ce, "Alhaji, ba ni na hana ba, takarda ce, kuma sunana ne zai hau kanta." Da ya yi faɗa, da ya aika an sayo maƙalai uku a kasuwa, waɗanda kuɗinsu bai kai na buhun siminti ba, da awa biyu kawai muka yi asara. Masu ofis suna ɗaukar takarda abin ajiya a fayil. A wurin ƙaramin ma'aikaci, ita ce kaɗai abin da zai iya tsayawa a bayansa ya ce wa babba a'a.

Bayan wannan na yi aiki da wani injiniya mai son karatu, shi ya zaunar da ni ya nuna mini cewa ƙasar nan ba doka ta rasa ba. Dokar Masana'antu, wadda aka kafa a 1987 aka kuma sake tattara ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana ɓaro-ɓaro a kan injin ɗaga kaya da lifta. Ta ce a yi masa duba na ƙwarai aƙalla sau ɗaya duk wata shida, mai dubawar ya zama wanda hukuma ta amince da shi, ya rubuta rahoto ya sa hannu, a ajiye a rajista. Ta ce a rubuta iyakar nauyin da injin zai ɗauka a jikinsa inda kowa zai gani, a killace hanyar da yake bi, a sa mata ƙofa. Sarƙa da igiya da sauran kayan rataya su ma duk wata shida. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman a kan kayan ɗaga nauyi. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai gina abin da ya haura hawa biyu ya yi inshora saboda ma'aikata da masu wucewa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya ga asusun NSITF, mai biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, domin irin ranar da yaron Bunza ya gani.

To me ya hana duk wannan isowa gindin winci? Dokar Masana'antu da masana'anta a zuciya aka rubuta ta, masu duba ta kuma ma'aikatan tarayya ne. Ka ambace ta a sait, ɗan kwangila zai ce maka nan ba masana'anta ba ce. Sannan kamfanin shinkafa yana da adireshi, mai dubawa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Winci ba shi da gida. Yau yana Badariya, jibi Argungu, mako mai zuwa Kamba ko Yauri. Wanda ke jiran sa a ofis ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Ƙofa ɗaya ce duk mai son ɗora bene a birane ya wajaba ya bi ta cikinta, ita ce taku. Dalilin da ya sa na rubuto maka ke nan, ban rubuta Abuja ba.

Sai dai kafin in yi roƙo, akwai irin takardar da nake roƙon Allah ya raba mu da ita, domin na gan ta. A wani babban aiki da na riƙe wa wani kamfani, mai sa ido a kan aikin ya ce sai an kawo shaidar lafiyar winci. Na yi murna, na ce yau za a zo a duba. Ba wanda ya zo. Bayan kwana biyu aka aiko ambulan a mota daga wani gari mai nisa, na je tasha na karɓo. Takarda ce kyakkyawa, an lulluɓe ta da roba, ga hatimi mai ruwan zinare. Na kai ta gindin injin, na kankare fenti da ƙusa ina neman lamba. Lambar jikin ƙarfe daban, ta takarda daban. Takardar ma injin lantarki take siffantawa, namu kuwa dizal yake sha. Na nuna wa mai sa idon, ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya huda ta ya sa a fayil. Irin wannan ta fi rashin takarda muni. In babu komai, mutum yakan ji tsoro ya duba da kansa. In akwai hatimin zinare, kowa sai ya saki jiki, ranar da abu ya faru kuma ita za a zaro a ce ai an bi ƙa'ida, a bar jaki a hau dukan taiki, wato yaron da ke riƙe da birki.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowane winci da ake bayarwa haya a jihar nan ya samu lamba, a buga ta da ƙarfe a jikin firam ɗinsa, ba da fenti ba, ya kuma samu littafi mai ɗauke da wannan lamba. Ka san katin rigakafin yara, wanda uwa ke ƙullewa a leda, duk asibitin da ta je ta miƙa, ma'aikaciya ta ga abin da aka yi da abin da ya rage? Irinsa nake nufi. Littafin ya riƙa bin injin duk inda ya je, a cikin gwangwani ko leda a jikinsa, ba a durowar mai shi ba. A ciki a ga nauyin da yake ɗauka, ranar da aka sa masa sabuwar waya, ranar da aka taɓa birki, da duk wani haɗari da ya taɓa yi. Duk wata shida injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo da ƙafarsa, ya ɗora masa nauyi ya gwada, ya rubuta sunansa da lambar rajistarsa, a ɗauki hotonsa tsaye kusa da injin da lambar a fili. Yau ko mai sayar da ruwan sanyi a sait yana da waya mai kyamara. Injiniyan da ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ƙungiyarsu tana da hanyar ladabtar da shi, kuma lambarsa na nan a rubuce. Ku kuma, duk wanda ya zo neman izinin gini mai hawa biyu zuwa sama, a rubuta masa cikin sharuɗɗa cewa wincin da ba shi da littafi mai rai ba ya shiga sait ɗinsa.

Amma duban wata shida shi kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne nake so a saurari masu aikin. Mafi yawan ɓarnar da na gani ba daga injin take ba, daga kafi take. Lafiyayyen winci ne za a kawo, a ɗaure sandarsa da igiyar rodi a jikin ginshiƙin da aka zuba jiya, a danne ƙafarsa da bulo shida a ce ya zauna. Don haka duk sanda aka kafa shi a sabon wuri, a cika takarda mai shafi ɗaya kafin bokitin farko ya tashi. Da Hausa, Ranka shi daɗe. Takardar Turanci mai shafi goma, a ofis za a cika ta da biro ɗaya, a rana ɗaya, ta wata guda. Tambayoyin ba su da yawa: an bi waya da tsumma? Ta yi tsatsa, ta lanƙwashe, ko silinta sun buɗe kamar sheƙar tsuntsu? Maƙalai nawa ne, ina sirdinsu ya fuskanta? Ƙugiya tana da marufinta? In bokiti ya sauka ƙasa, akwai sauran zagaye biyu zuwa uku na waya a kan ganga? An ɗaga kaya taƙi ɗaya an taka birki an ga ya riƙe? An killace ƙasa, an sa shinge a bakin kowane hawa inda ake karɓar kaya? Fomen ya sa hannu, mai tuƙi ya sa, injiniyan sait ya sa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Kowace safiya kuma mai tuƙi ya maimaita dubawar a taƙaice, ba ta cin minti goma. A garin da ƙurar hunturu ke cinye giris, zafin bazara ya haura digiri 40, damina ta zo da tsatsa, wayar da ta yi lafiya a watan jiya ba hujja ba ce a yau.

Batun nauyi kuwa, a rubuta shi da harshen da lebura ke lissafi da shi. Ka rubuta kilo 500 a allo, ba wanda zai tsaya. Ka zana buhun siminti goma, kowa ya gane, tunda buhu kilo 50 ne. Mutane ba su san nauyin ɗanyen kankare ba. Kubik ɗaya yana kai wa kilo 2,400, nauyin buhu 48 ke nan. Bokitin da ya ci kwatan kubik ya kai buhu 12, ya riga ya wuce ƙarfin wincin buhu goma tun ba a lissafa ƙarfen bokitin ba. A ja jan layi a cikin bokiti, a ce nan ne iyaka. A kuma zana mutum a soke shi da gicciye, domin wincin kaya ba na mutane ba ne, kuma duk fomen da ya ce bai taɓa ganin yaro ya ɗare faranti don ƙyuyar hawa matakala ba, bai faɗi gaskiya ba.

Mai tuƙin ma a san shi. A yau wanda ya fi kusa da injin lokacin da mai shi ya tafi sallah, shi ne direba. Kwana biyu ko uku na horo sun isa a koya wa mutum duba waya, alamun hannu, da lokacin da zai ƙi ɗagawa, a ba shi kati mai hoto. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a cikin gari, ga jami'a a Aliero, ga ta tarayya a hanyar Kalgo. Malaman da za su yi wannan ba sai an ɗauko su daga nesa ba.

Wata magana a gefe: winci da yawa da ke aiki a nan ƙirar gida ne, mai walda ya haɗa da tsohuwar giyar mota da injin ban ruwa. Kada a ce za a hana su. In aka hana, ba daina aiki za su yi ba, dare za su koma. Na ga na gida da ya fi na kanti ƙwari, na ga kuma wanda birkinsa guntun bel ne da katako. A gwada kowanne da nauyi, wanda ya ci a ba shi lamba, wanda ya faɗi a gaya wa mai shi abin da zai gyara.

Sai lifta, wadda ta fara shigowa manyan gine-ginenmu. Haɗarinta yana farawa tun ba a kawo ta ba. Ramin da ake bar mata yana nan buɗe a kowane hawa wata da watanni, cikinsa duhu, an jingina masa tsohon kwanon rufi ko falanki ɗaya. Mai fulasta yana ja da baya da baro, bai san inda ƙasa ta ƙare ba. Shingen wannan rami ya shiga cikin abin da jami'inku zai duba duk zuwan da ya yi. In an kafa ta kuma, kafin a miƙa gini, masu tayil da masu fenti sukan mai da ita jakar dakon kaya tun ba a gama gwada ta ba. Kada a ba gini mai lifta izinin shiga sai an ga takardar gwaji daga wanda ya kafa ta, da yarjejeniyar wanda zai riƙa zuwa duba ta, da sunan mutum a cikin ginin da aka koya wa fito da wanda ya maƙale. Yadda wutar lantarki take a wurinmu, liftar da ba ta da batirin da zai kai ta hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa in an ɗauke wuta, akurki ce kawai, makanikinta kuma yana Abuja ko Kaduna. A manna takardar duba ta ƙarshe a cikinta, da kwanan wata, mai shiga ya karanta da idonsa. A watan Agustan 2023 lifta ta faɗo da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na babban asibitin Odan da ke Legas, ta rasu, abokan aikinta kuma suka fito suna cewa sun daɗe suna kuka da wannan lifta. Legas ke nan, inda masu gyaran suke. Mu da muke farawa yanzu, gara mu fara da littafi a hannu.

Na san abin da wasu abokan sana'ata za su ce in sun ji wasiƙar nan: Fomen ya jawo mana sabon haraji. Tsoronsu yana da tushe, kuma ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci. In wannan ya zama hanyar tara kuɗin shiga, ya mutu tun ranar haihuwa, domin za a biya, a karɓi rasit, ba wanda zai taɓa waya. Kuɗin rajista ya zama kaɗan, a rubuta shi a allo a bakin ofis, a biya a banki. Jami'in da ya zo sait ya zo da tsumma a aljihu, ya fara da injin kafin ya nemi fayil. In ya samu matsala ya tsai da wincin kaɗai, ba aikin duka ba, a gyara a gabansa in mai gyaruwa ne. Mai ɗora ɗaki ɗaya a kan shagonsa da igiya da guga kuma a ƙyale shi, ba da shi ake ba. In haɗari ya faru, a wajabta rubuta shi cikin littafin injin da kawo muku rahoto, ko da ba a mutu ba. Da an yi haka, wincin da ya karya yaron nan da bai koma aiki a mako ɗaya ba, shi kuma da ya samu takardar da zai nemi haƙƙinsa da ita. Yanzu ko sunansa babu a rubuce a ko'ina, kamar bai taɓa taka sait ɗin ba.

Wasu kuma za su ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma tsakaninmu akwai amana, me ya kawo sa hannu? Na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin Musulmi da Musulmi, da shaidu. In kuɗi ya cancanci a rubuta, ƙafar ɗan mutum ba ta gaza ba. Alhazanmu kuma ba su manta da Juma'ar 11 ga Satumba 2015 ba, ranar da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami ana iska da ruwa, mutum fiye da ɗari suka rasu, har da 'yan Najeriya. Hukumomin Saudiyya ba su tsaya a kan cewa iska ce ba. Sun bincika, suka ce an bar injin a yanayin da ya saɓa wa umarnin waɗanda suka ƙera shi. Iskar farkon damina da ke kwashe rufin gidaje a nan kowace shekara ita ma ba ta tambayar wa ya kafa sandar winci.

Ni dai tun daga ranar nan na sayi littafin makaranta mai shafi arba'in, na ja masa layuka, duk wincin da ya shigo sait ɗina sai na rubuta abin da na gani, na sa mai tuƙi ya dangwala. Ba shi da hatimin kowa. Sau biyu ya jawo aka sallame ni daga aiki, sau ɗaya kuma wani mai winci ya sauya waya don kunyar a rubuta. Littafi na huɗu nake ciki yanzu. In hukuma na son gani, zan kawo su duka, in zo da masu tuƙi biyu ko uku da wani mai ba da haya da ya yarda a fara gwaji da injinansa. In kuma ka fi son gani da ido, muna da zuba dakin a ƙarshen watan nan. Ka turo injiniya ɗaya da asuba, kafin miksa ta fara juyi. Tsumman ni zan kawo.

Allah shi taimake ka a kan riƙon amanar da ke hannunka.

Wassalam.

Naka,
Wani fomen gini,
Birnin Kebbi.